Ya Gumsu da Nonon Kime

Surukata Ya Gumsu ba ta taɓa kirana da sunana ba. Shekara tara ke nan ina auren ɗanta a nan Diffa, amma har yau in tana nemana sai dai in jiyo, "Ke Afuno!" Haka Barebari ke kiran Bahaushe, ni kuwa Bahaushiya ce gaba da baya, daga Damagaram aka kawo ni. Sunana Safara'u, ɗinki nake yi, kuma unguwarmu kaf an san ni da abu biyu: ɗinkina ba ya kwancewa, bakina ba ya rufuwa. Ni kuma "Ya" nake ce mata, wato inna da bakinsu, kamar yadda ɗanta ke kiranta.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, da zanen Barebari a kumatu. Ta haura saba'in, amma ko haƙori ɗaya bai bar bakinta ba. Busasshen dabinon nan da ni sai na jiƙa shi kafin in ci, ita haka take ɓantararsa tana kallona. In na yi ƙorafin ciwon baya don na daɗe a kan keken ɗinki, sai ta taɓe baki ta ce, "Mu nono ya raine mu, ku shayi da burodi. Ƙashin shayi ai ba ya ɗaukar kaya." Wallahi haushi take ba ni wani lokaci, amma ban taɓa samun abin mayar mata ba, don da idona na ga ta ɗaga buhun dusar da ni ko motsa shi ba na iyawa.

A wani ƙauye kusa da Tumur aka haife ta. Ranar sunanta mahaifinta ya ba ta wata jar karsana, kuma daga wannan karsana ɗaya duk shanunta suka fito har suka zama garke. Ta auri Goni, ta haihu da yawa, biyu suka rayu: Abbakar, maigidana, da autansu Kolo. Abbakar tun yana saurayi ya bar kiwo ya zo Diffa noman tattasai a bakin kogin Komadugu. Kolo ne ya zauna da ita da shanun bayan Goni ya rasu.

Shekarar da tashin hankali ya iso yankinsu, da hantsi suka fito. Kolo ya ɗaure mata ƙunshin kaya, ya duba bai ga gammo ba, sai ya tuɓe rigarsa ya naɗe ya ɗora mata a ka. Ya damƙa mata igiyar wata 'yar karsana da ke kusa da bukka, ya ce ta bi mutane, shi zai koma ya koro sauran shanun ya cim mata a hanya. Bai cim mata ba. Har yau ba wanda ya zo da labarinsa, mai daɗi ko maras daɗi, daga shi har shanun. Bayan kwana huɗu ta iso ƙofar gidanmu, lokacin ina amarya, ƙafafunta a kumbure, igiya a hannu, riga a ka.

Rigar tana nan. Shuɗiya ce, ta ɗan yage a wuya, a ƙasan akwatinta take ajiye ta. Kowace Juma'a da hantsi takan fito da ita, ta kakkaɓe, ta riƙe ta a fuska na ɗan lokaci, sannan ta ninke ta mayar. Ba a wanke ta, ba a taɓa ta. Sau ɗaya, farkon zamanmu, karambani ya sa na ce, "Ya, kawo in kama miki wuyan nan mana, ai minti biyar ne." Kallon da ta yi mini ranar, ban sake gigin maganar ba.

Karsanar nan kuwa ita ce Kime, wato ja da bakinsu. A tsakar gidanmu ta girma, tsakanin keken ɗinkina da buhunan tattasan Abbakar. Ni da Kime ba mu shirya ba da farko. Ga kashi, ga ƙudaje, ga shi ta taɓa tauna mini yadin wata mata da na shanya a igiya, sai da na yi kwana biyu ina ba da haƙuri. Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya Gumsu tana zaune tana sosa wa saniyarta wuya ta ce, "Ai ta ga yadin ya fi ki daɗin baki ne."

Da Kime ta fara haihuwa, gidanmu ya zama mashigar mata. Ya Gumsu ba ta sayar da nonon safe. Duk macen da ta yaye yaro a layinmu, da tsohon da ya tashi daga ciwo, da mai jegon da nononta bai kawo ba, sai ka gan su da ɗan kofi a ƙofa. Tana ba su tana faɗa. "Wannan ɗan naki wuyansa kamar na kaza, me kike ba shi? Koko tsararo? Ruwa ke nan da ya sha gari." Su kuma su yi dariya su karɓa, don sun san faɗan nata ba ya wuce baki. Haihuwa biyu Kime ta yi, duk maza. A ta uku ta haifi mace, ja kamar uwarta. Ranar na ga Ya Gumsu ta yi guɗa, abin da ko a bikinmu ban ji an ce ta yi ba. Ta riƙe kan 'yar maraƙar tana cewa, "Garken babana ya dawo."

A wannan bazarar ce, shekara huɗu da suka wuce, abin ya same mu. 'Yata Zahra'u tana da wata goma sha huɗu na gane ina ɗauke da wani ciki. Rurrutsa ke nan. Mata suka taru a kaina, har da Ya Gumsu, suka ce nonon mai ciki dafi ne ga yaro. Rana ɗaya na yaye ta. Yarinyar da ta fara takawa tana bin bango, cikin wata guda ta koma sai zama. Zawo ya kama ta, ta ƙi tuwo, ta ƙi koko, gashinta ya yi ja ya yi laushi, 'yar munduwar hannunta ta riƙa zamewa har gwiwar hannu.

Muka kai ta awo a likitar unguwa, wato ɗan asibitinmu, ni da Ya Gumsu. Madam Mariyama, mai awon yara, ta naɗa mata 'yar igiyar nan mai launi uku a damtse. Kore lafiya ke nan, ruwan ɗorawa hattara, ja kuwa sai kwanciya. Igiyar ta tsaya a ruwan ɗorawa, dab da ja, ko faɗin farce babu a tsakani. Madam ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata. Ta cire tabarau ta dube mu.

"Wa ya ce muku nonon mai ciki dafi ne? Ba dafi ba ne. Da kun bar ta tana sha, da ba mu zo nan ba."

Na ɗauka Ya Gumsu za ta yi gardama, don ita ba a gyara mata magana a kan nono. Sai na ji ta ce a hankali, "Ni na ce a yaye ta. Yanzu me za a yi?"

Nawa nonon ya riga ya ƙafe. Madam ta ba mu magani da kwaɓin gyaɗar nan na likita da ke cikin 'yar leda, ta ce a riƙa ba ta kullum. Da ta ji muna da saniya mai tatsa a gida, fuskarta ta saki. Ta ce madarar shanu ba ta kai ta uwa ba, amma ga yarinyar da ta wuce shekara tana ɗauke da abin da jikinta ke nema: tana gina tsoka, tana ƙarfafa ƙashi da haƙori, man da ke cikinta kuma yana ba da ƙarfi. A dama mata kunu da ita safe da yamma. Amma a tafasa ta tukuna.

"A tafasa?" in ji Ya Gumsu. "Nono ne ake dafawa kamar wake?"

"Iya, ciwon da ke jikin saniya yana iya bin madara ya shiga yaro, ga hannu, ga ƙuda. Babba yana iya ɗauka, wannan ba za ta iya ba."

Duk hanya tana gunaguni da Barbarci. Amma muna isa gida ta ware wata 'yar tukunya, ta goge ta da toka har tana ƙyalli, ta ce duk wanda ya dafa wani abu a ciki ban da nonon Zahra'u zai gamu da ita. Madam ta ce mu riƙa komawa duk bayan mako biyu. In igiya ta shiga ja, kwantar da ita za a yi a babbar likita. Na taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da irin waɗannan yara, na ga su da 'yar roba a hanci. Tun daga ranar ba abin da nake gani in na rufe ido sai igiyar nan.

Allah da ikonsa, Zahra'u ta karɓi kunun madarar Kime. Shi kaɗai take buɗe wa baki da kanta. Ko kwaɓin gyaɗar ma sai ta sha kunun tukuna take yarda ta lasa. A awo na biyu igiyar ta ɗan ja baya daga ja. Na dawo gida na rungumi wuyan Kime, saniyar da na sha zaginta, na ce ta yafe mini yadin nan.

A kwanakin ne Ya Gumsu ta koya mini tatsa. Ga yadda take yi: a saki maraƙar ta fara tsotsa, in hantsa ta cika ta yi tauri sai a janye ta a ɗaure kusa da ƙafar uwar ta gaba, inda uwar za ta riƙa lasarta. Sannan a tatsi nono uku, a bar ɗaya. In an gama a sake ta ta shanye nata. Na iya hannun, amma ban tambayi dalili ba, ita kuma ba ta faɗa ba. A wurinta wannan ba abin faɗa ba ne, kamar a ce maka ruwa yana jiƙa.

Saura kwana tara awo na uku aka aiko cewa yayanta ya rasu a Geskeru. Dole ta je, Abbakar kuma ya raka ta, sai an yi sadakar uku za su dawo. Tana ɗaura mayafi tana maimaita mini, "Maraƙa farko, ke daga baya. Uku namu, ɗaya nata. Kin ji, Afuno?" Na ce na ji.

Washegari da safe na zauna tatsa ni kaɗai. Bazara ce, Komadugu ta janye sai tafkuna, ciyawa ta yi wuya, nonon Kime ya ragu. Na dubi abin da ke ƙwaryata, bai fi kofi biyu ba. Na dubi maraƙar nan, ta kafa kai tana ta zuƙa, kumfa na zuba ta gefen bakinta, cikinta ya yi tulu. Na waiga na dubi 'yata a kan tabarma, haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa. Wani abu ya taso mini. Na ce a raina, yanzu dabba ce za ta sha ta ƙoshi 'yata tana haka? Wannan ai son kai ne irin na masu shanu. In aka kawar da maraƙar kwana kaɗan kawai, har a wuce awo, nono huɗun duka na Zahra'u ne.

Na kira Alasan, maƙwabcinmu mai amalanken jaki, wanda ke da garka wajen Gagamari. Shi ma ɗan gari ne kamata, saninsa da shanu bai wuce na mahauta ba. Na ce ya tafi da ita garkarsa ya riƙe mini mako guda, ya ba ta ruwan dusa da ɗanyen ganye.

"Ya ta sani kuwa?" ya tambaya.

"Ni na sani," na ce. "Ko sai na kawo maka takarda daga meri, wajen magajin gari?"

Bakin nan nawa! Ya ɗaure maraƙar a amalanke ya tafi da ita cikin ranar nan mai ƙuna. Kime ta bi su da kuka har ta kusa tumɓuke turke.

Da la'asar na ɗauko ƙwarya ina murna. Na ja, na ja, na sake ja. Hantsa ga ta a cike, amma abin da ya ɗigo bai cika cokali uku ba. Na ɗauka fushi ne, zuwa safe za ta huce. Da safe ta harbe ƙwaryar, saura kaɗan ta same ni a haɓa. Ta ƙi dusa, ta ƙi harawa, sai kuka take tana kallon ƙofa. Ashe saniya irin tamu ba ta sakin nono sai ta ji ɗanta a jikinta. Nono ɗayan nan da nake ganin asara ne, shi ke buɗe sauran ukun. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da ina da hankali, da a ranar na aika a dawo da ita. Amma taurin kai ya ce mini za ta gaji ta saki. Na tafi kasuwa neman nono. Makiyaya sun yi nisa neman ciyawa, abin da na samu tsararo ne mai tsami, ruwa ya fi nonon yawa. Zahra'u ta kawar da kai. Na dama mata madarar gari, ta kurɓa sau ɗaya ta furzar mini a zane. Kwaɓin gyaɗar ma ta datse haƙora a kansa. Kwana biyu ba abin kirki da ya shiga cikinta, idanunta suka koma ciki.

Rana ta uku da sassafe na buga wa Alasan waya na ce don girman Allah ya dawo da maraƙar yanzun nan. Sai kawai ya kashe wayar. Da azahar ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure ya ƙi shigowa. Igiya ce kawai a hannunsa. Ya ce tun a hanya rana ta buge ta, ta ƙi ruwan dusar, da suka ɗura mata sai zawo. Jiya da yamma ya ga tana shure-shure, ya sa wuƙa don kada ta zama mushe.

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Garin neman gira na rasa ido. Na kashe garken mahaifinta, na kuma ƙafar da nonon 'yata, duka da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Washegari da hantsi suka dawo. Tun daga bakin layi Ya Gumsu ta ji kukan Kime, ta san ba lafiya ba. Ta shigo ba ta ko ajiye ƙunshinta ba, ta dubi turken maraƙa, ta dubi hantsar saniyar, ta dubi Zahra'u a bayana. Na faɗa mata komai, ban rage ba, ban kuma ɗora wa Alasan ba. Abbakar, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya fara, "Safara'u, kin san abin da kika..." Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta daɗe tana kallon turken nan. Ni jira nake ta zage ni, ta zagi Damagaram da duk wanda ke cikinta, wallahi da na fi samun sauƙi.

Sai ta ce, "Ina fatar?"

Ban gane ba. Ta maimaita. Na ce Alasan ya ce ya rataye ta a bishiya a garka. Ta juya wajen Abbakar. "Je ka kawo ta yanzu. Kada a wanke, kada a sa mata toka, kada kowa ya shafa mata komai."

Ya shiga motar kasuwa ya tafi, kafin la'asar ya dawo da ita a buhu. Ta fara bushewa, ba kai, don an riga an ci kan. Na ce, "Ya, ai ba kai." Ta ce saniya da hanci take gane ɗanta, ba da ido ba. Ta tari fitsarin Kime a gwangwani ta yayyafa wa fatar, ta yi ta murzawa a cinyarta har ta yi laushi. Ta sa Abbakar ya kawo busasshiyar ciyawa da sanduna huɗu. Sannan ta turo mini komai gabana.

"Ke ce tela. Ɗauko basilla da zaren buhu. Ki cusa ciyawa ki ɗinke cikin, ki ɗinka da kyau, don da ƙarfi za ta lasa."

Na ɗinka kayan amare, na ɗinka likkafani, amma ban taɓa ɗinki mai nauyin wannan ba. Ga jan gashin nan mai laushi a hannuna, ga ɗan farin tabon da ke gefen cikinta, wanda Ya Gumsu ke cewa irin na karsanar babanta ne. Ina soka basilla hawaye na ɗiga a kai. Ita kuwa tana zaune gefe da Zahra'u a cinya, tana ɗura mata ruwan gishiri da sukari da cokali, tana gyara mini. "Matse nan. Ƙara ciyawa a ƙugu, 'yata ba ramammiya ba ce."

Da yamma muka jingina abin a gaban Kime. Ta sunkuyo ta shinshina, ta yi huci, ta juya mana baya. Ya Gumsu ta taɓa hantsa, ko ɗigo. Na ce shi ke nan, gobe in ɗauki 'yata in kai ta a kwantar, ba sai an jira awo ba. Ta ce, "In gobe da safe ba ta saki ba, ni zan goya ta mu tafi. Amma ki bar abin nan ya kwana kusa da ita."

Da gari ya waye ta ɗaura tsohon zanen da take tatsa da shi. Ta daka gishirin mangul ta barbaɗa a bayan fatar, ta jawo ta kusa da ƙafar Kime ta gaba, daidai inda ake ɗaure maraƙar. Ta wanke hantsa da ruwan ɗumi, ta dafa goshinta a cikin saniyar, ta fara yi mata magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Ban ji duka ba, amma na ji tana kiran sunayen shanu, uwar Kime da kakarta da waɗanda suka gabace su. Ni ina tsugune da ƙwarya.

Kime ta sunkuyar da kai. Ta shinshina wuyan fatar, ta bi bayan da hanci har wutsiya. Sai ta zaro harshe ta lasa sau ɗaya. Ta tsaya. Ta sake lasa, ta kuma lasa, har abin yana tangaɗi a kan sandunansa, tana wani gurnani a maƙogwaro irin wanda take yi in an sako mata 'yarta. Ya Gumsu ta miƙo hannu ba ta ɗago ba, na sa mata ƙwarya. Sai na ji tsiii a gindin ƙwaryar. Jama'a, na ji kiɗa iri-iri a duniya, ban taɓa jin mai daɗin wannan ba.

Rabin kofi muka samu. Na tafasa a 'yar tukunyar nan, na dama kunu, na fifita. Zahra'u ta shinshina cokalin kamar yadda Kime ta yi, sannan ta buɗe baki. Ta shanye tas, har ta kama kofin da hannu biyu tana leƙa ciki.

Na koma wajen turke. Kime tana ta lasar fatar, gishirin ma ya daɗe da ƙarewa. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Ya, mun yaudari baiwar Allah. Tana tsammani 'yarta ce."

Ya Gumsu tana goge hannu a zane. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kina tsammani ba ta sani ba? Ta sani sarai. Ƙamshin ne kawai ya rage mata, shi take lasa. In uwa ta sami ko wannan, tana iya tashi ta ci gaba da ba da abin da ke jikinta."

Akwatinta ya faɗo mini a rai, da rigar Kolo da take fitowa da ita kowace Juma'a. A rayuwata, ranar ce bakina ya rufu ba wanda ya rufe shi. Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce ta yafe mini. Ta janye ƙafar ta ce, "Tashi, Afuno. Ni na sa aka cire ta daga nono na farko, ke kika cire ta daga na biyu. Wa zai yi wa wa faɗa? Je ki wanke tukunyar nan kafin ƙuda ya same ta."

Nonon ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ko da yake bai koma kamar da ba. Ya Gumsu ta sallami masu kofi a ƙofa, ta ce su yi haƙuri sai damina, kowane ɗigo na jikarta ne. Ranar awo Madam Mariyama ta naɗa igiyar, ni kuwa na kasa kallo, sai fuskar Ya Gumsu nake duba. Igiyar ta koma kusa da ja, amma ba ta shiga ba. Madam ta ce me ya faru a makon nan? Kafin in buɗe baki tsohuwar ta ce, "Saniya ce ta yi rashi." Bayan wata ɗaya da rabi muka ga kore. Ranar Zahra'u da ƙafarta ta taka daga benci zuwa ma'auni.

Yanzu tana lakwal, wato makaranta, ita ce mai tsawo a ajinsu, kuma da haƙorinta take ɓantarar dabino kamar kakarta. Ƙaninta da ke cikina a lokacin, sai da ya shekara biyu cif yana shan nonona, duk wadda ta zo mini da wata magana kuwa Ya Gumsu ce ke korar ta. Kime ta sake haihuwa sau biyu, duk maza. Yanzu ta tsufa, haƙoranta sun lalace, sai an jiƙa mata dusa. Ba ta sake haifar mace ba. Garken da ya faro ranar sunan Ya Gumsu a kan Kime zai ƙare, kuma na san wanda ya jawo. Ko sau ɗaya ba ta taɓa goranta mini ba, ita da ke goranta mini gishirin miya.

Juma'ar da ta biyo bayan ganin koren nan, ina kan keke da hantsi na jiyo, "Ke Afuno!" Na shiga ɗakinta na same ta zaune a tabarma, akwati a buɗe, shuɗiyar rigar Kolo a cinyarta. Yagewar wuyan ta ƙaru, ta kusa kai kafaɗa. Na tsaya daga bakin ƙofa, don na san iyakata.

Ta miƙo mini ita da hannu biyu. "Na ga ɗinkinki yana riƙewa, saniya ta lasa kusan wata biyu bai kwance ba. Kama mini wuyan nan. Da hannu, ban da keke. Kuma kada ki wanke."

Na zaɓo zaren da ya fi kama da launinta, na wanke hannuna na goge sosai, na zauna gefenta. Aikin minti biyar ne, amma sai da aka kira sallar Juma'a na yanke zare. Ba ta ɗauke ido daga allurar ba har na gama, kuma ko sau ɗaya ba ta ce in yi sauri ba.